Ƙarfen Bakin 'Yar Fari

A cikin gwangwanin da nake zuba maɓallai akwai wani ɗan ƙarfe wanda ba na ɗinki ba ne. Siriri ne, bai fi tsawon gaɓar yatsa ba, da huda uku a jikinsa da 'yar ƙugiya a kansa. Masu kawo mini ɗinki in sun gan shi sukan ɗauka ƙugiyar siket ce, ni kuma in bar su a haka. Daga ƙashin fuskar 'yata aka ciro shi, kuma ni na jawo aka ciro shi lokacinsa bai yi ba.

Tela ce ni a Gyaɗi-Gyaɗi, kekena na cikin gida. Ina da ido, wannan ko maƙiyina ya shaida. Mace tana shigowa daga zaure zan gaya mata kafaɗar rigarta ta hagu ta fi ta dama sauka, in kuma gaya mata irin telan da ya cuce ta. Bakina ma ba ya ajiya. Na fara da faɗin wannan ne don kada wani mai kirki ya nema mini uzuri a gaba, ya ce ai ba ta lura ba ne.

Yarinyar ita ce 'yata ta fari, a gidanmu kuwa ba a wasa da kara. Mahaifiyata Hajiya har yau ba ta taɓa kiran sunan babban yayanmu ba, ga shi da furfura har a gemu. In tana nemansa sai ta ce, “Ku kira min mutumin nan.” Na tashi na ga haka, na kuma ɗaura niyyar in na samu nawa sai na fi kowa. Ranar sunanta ban ɗaga kai na dube ta ba. In tana kuka a cikin mutane sai an ce da ni sau uku, “Ke, ba ta nono mana,” kafin in karɓe ta ina ɓata rai kamar an ba ni aikin wani. Da lokacin yaye ya yi Hajiya ta ɗauke ta zuwa gidanta a Unguwar Gano, can cikin Tarauni, yaye ya zama zama. Ta tashi tana ce wa Hajiya Inna, ni kuma tana ce mini Anti, kamar yadda ta ji 'ya'yan maƙwabta suna faɗa.

Ƙannenta uku na goya su, na tsefe musu kai, na kira sunayensu da ƙarfi har maƙwabta sun haddace. Ita kuwa “ke” ce, in kuma ina maganarta da wani, “'yar Hajiya”. Dangi suna yaba mini. A wurin biki in an so a ja kunnen wata yarinya mai rungumar ɗanta na fari a gaban surukai, da ni ake ba ta misali. Ina jin daɗin wannan yabon, ba zan ɓoye ba.

Hanya ɗaya ce tak nake taɓa ta ba wanda zai ce komai, wato awo. Sallah ƙarama, Sallah babba, kayan makaranta, duk ni ke ɗinka mata. In ta tsaya a gabana sai in ja awon ya yi tsawo. In auna kafaɗa, in auna hannu, in sake auna kafaɗar, alhali ko ido rufe na san awonta. Ita ma takan tsaya cak, ba ta taɓa ce mini na riga na auna nan ba.

A wurin awon ne, tana da shekara goma, na ɗaga haɓarta don in zagaya tef a wuyanta, sai na ga abin da na daɗe ina kawar da kai a kansa. Haɓar ta fito gaba. Da ta rufe baki haƙoran ƙasa ne suka rufe na sama, maimakon na sama su rufe na ƙasa. Nan take na tuna abubuwa biyu. In ƙannenta suna shan rake ita ba ta iya ɓare shi da haƙoran gaba, sai ta nemi wuƙa ta yanka ƙanana tana turawa gefen baki. Sannan ta koyi jawo hijabinta sama har ya kusa leɓenta na ƙasa. Da na bugi cikin Hajiya ta ce yaran Islamiyya ne ke kiran ta mai haɓar ludayi, amma ai yara ne, za su gaji su bari.

Haɓar mahaifina ce, Allah ya ji ƙansa. Ta tsallake ni ta faɗa kan yarinyar. Ƙanwarsa, gwaggona, wadda katanga ɗaya ce tsakaninta da Hajiya, ita ma irin ta ce da ita, kuma ba ta taɓa yarda cewa aibu ba ce. Ta ce haɓar gidansu ce, da ita ta yi aure ta haifi tara.

Wata nas ce ta buɗe mini ido, Bayarabiya daga Ƙauyen Alu da ke kawo mini ɗinkin ankon cocinsu. Ta tarar da yarinyar a gidana ta dube ta, ta dube ni.

“Madam, wannan 'yarki ce, ko? Me ya sa ba ki kai ta asibiti ba? Ana gyara wannan yanzu, amma sai tana ƙarama.”

Na ce 'yar Hajiya ce. Ta yi dariya ta ce ita dai ta gaya mini, ta kuma kwatanta mini inda likitar take. Ni kuwa ba zan je gaban Hajiya in ce ina so a kai 'yata asibiti ba, bakina ba zai iya ba. Sai na gaya wa maigidana, wanda direban babbar mota ne, rabin wata yana kan hanya. Shi ya je ya gaya wa Hajiya kamar shawararsa ce, Hajiya kuma ta aiko a ce in zo in raka ta. Maganar da ta fito daga ɗakina sai da ta zaga gari kafin ta dawo mini a matsayin umarni.

Likitar mace ce, Bahaushiya, ba ta fi ni shekaru ba. Da muka zauna ta tambaya wace ce mahaifiyar yarinyar.

“Ga ni,” in ji Hajiya.

Likita ta dubi Hajiya, ta dube ni, ta yi ɗan murmushi, sannan ta turo takardar gabana ta ce in cike. Na rubuta sunan yarinyar, tunda rubutu ba faɗa ba ne. Ranar na fara ganin sunan da rubutun hannuna.

Bayan an ɗauki hoton ƙashi ta kira mu ta ɗauko wani ƙoƙon kai na roba ta nuna mana. Ta ce matsalar ba a haƙori take ba, a ƙashi take. Muƙamuƙin sama ne ya yi nawa wajen girma, na ƙasa ya wuce ya bar shi. Hajiya ta ce to a sa mata wayar nan mana da ake gani a bakin 'yan mata.

“Hajiya,” in ji likita, “in kika ɗaure akuya a ƙafar wata akuyar, wacce za ta tsaya a cikinsu?”

“Babu,” in ji Hajiya. “Sai su ja juna su tafi.”

“To haka haƙori yake. In na ja daga jikin haƙori, haƙorin ne zai biyo ni, ƙashin yana nan inda yake. Turke nake nema, wanda ba ya motsi.”

Turken shi ne ɗan ƙarfen nan. Guda huɗu za a sa, biyu a sama can ciki ƙarƙashin ƙashin kunci, biyu a ƙasa kusa da fiƙa. Za a tsaga dasashi a ɗaure kowanne a jikin ƙashi da 'yan ƙusoshi masu murɗi, a ɗinke, ƙugiyar kaɗai ce za ta leƙo cikin baki. Sai a riƙa maƙala 'yar roba kamar kyauro daga ƙugiyar sama zuwa ta ƙasa, hagu da dama, dare da rana. Robar ce za ta riƙa jawo muƙamuƙin sama gaba a hankali yayin da yarinyar ke girma.

Hajiya ta jinjina kai ta ce ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Likita ta ce ita ke nan maganar. Shekarun da za a iya wannan aikin kaɗan ne. In girma ya tsaya ƙashi ya bushe, babu abin da roba za ta yi, sai dai a jira ta zama budurwa a yanka ƙashin fuskar a sake jera shi. Da na ji kalmar yanka sai na kawar da ido daga ƙoƙon kan. Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin mayafina don kada Hajiya ta ga fuskata.

Sai da muka jira fiƙoƙinta na ƙasa suka gama fitowa, ta shiga sha ɗaya, sannan aka yi aikin. Fuskarta ta kumbura kwana biyu ta saɓe. Bayan mako uku aka fara sa roba, yarinyar ta koya nan da nan, ta fi ni saurin zura zare a allura. A ranar ce likita ta ce Hajiya da yarinyar su jira a waje, ta tsayar da ni.

“Ni ma 'yar fari ce,” ta ce, “na san abin da kike yi, ba kuma zan hana ki ba. Amma bakin nan ido yake so kullum. Hajiya tana da yana a ido, yarinyar kuma ba za ta hango na saman can ciki ba. Ki wanke hannu ki ɗaga leɓenta ki haska. In kin ga ja, ko kumburi, ko ruwa, ko ƙarfen yana motsi, a cire robar ki kawo ta a ranar. Kada ki jira ranar dawowa. Za ki iya?”

“Haba likita, me zai hana?” na ce, har da jin haushin an tambaye ni.

Daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Unguwar Gano ba tafiya ba ce, kafin ka gyara zama a adaidaita sahu an kai. Nisa bai hana ni ba. Abin da ban lissafa da shi ba shi ne gidan Hajiya ba ya rabo da mutane. Tana sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, mata na shiga suna fita, wadda ta zo sayen kwalba ɗaya sai ta shimfiɗa mayafi ta zauna. A makon farko na duba sau biyu, a ɗaki, a bayan ƙyaure, kamar mai satar nama a tukunya. Yarinyar ta buɗe baki ta rufe ido, numfashinta yana sauka a yatsuna. Ƙugiyoyin na nan tsaf, dasashi lafiya lau.

A karo na uku ina riƙe da leɓenta sai gwaggo ta ɗaga labule.

“A'a! Yau ga abin da boko ya kawo mana. Uwa da 'yar fari baki cikin baki! To sai ki goya ta mana ku zaga unguwa.”

Na saki leɓen kamar na taɓa garwashi. Na ce Hajiya ce ta sa ni. Daga ranar dubawata ta koma tambaya daga tsakar gida. In gaishe da Hajiya in ce, “An wanke wurin?” ta ce an wanke, in ce to madalla. Yarinyar takan fito ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki da kofin ruwan kurkure bakinta a hannu, ta jira, in ta ga na ɗauki jakata sai ta koma ciki.

Wata uku da fara sa roba ƙanwata ta haihu, haihuwar fari, tana wanka a gidan Hajiya, don haka a can aka yi taron suna. Ni na ɗinka ankon dangi duka. Tsakar gida ta cika maƙil, ina zaune a tabarmar manya kusa da gwaggo ana ta yaba ɗinkin, ni kuma ina cewa ai ba komai. Sai ga yarinyar ta ratso mutane ta durƙusa a gabana, hannunta a kuncin hagu. Ta yi magana ƙasa-ƙasa.

“Anti, ki duba min. Na saman nan kamar yana motsi.”

Na gani. Kuncin hagu ya ɗara na dama tashi, kaɗan ne, wani ba zai lura ba, amma ni da nake hango karkatar kafaɗa daga zaure na gani sarai. Na kuma tuna kalma huɗun da likita ta lissafa mini, ga biyu a gabana.

Gwaggo ta ji. Ta ajiye cokalinta ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

“To uwar 'ya, tashi mana ki duba. Ku matsa ku ba likita wuri.”

Hira ta tsaya. Surukan ƙanwata na nan, matan yayyena na nan, kowa ya zubo mini ido yana murmushi. Ba wanda ya ɗora mini wuƙa a wuya. Da na miƙe na ja hannunta muka shiga ɗaki, iyaka a yi dariya a tsokane ni kwana biyu. Sai na ji bakina yana cewa:

“Ni na sa miki shi? Tashi ki ba mutane wuri, je ki gaya wa uwarki.”

Aka kwashe da dariya. Wata tsohuwa ta ce kai, Hajiya ta yi tarbiyya, irin wannan karar yanzu sai an tona. Yarinyar ta ce to, ta miƙe ta jawo hijabinta sama ta ratsa mutane ta tafi. Abin da ya fi ci mini rai har yau ba maganar da na faɗa ba ce. Daɗi na ji da tsohuwar nan ta yabe ni. Ina kallon bayan 'yata tana tafiya da hannu a kunci, ni kuma ina jin daɗi.

Na ce a raina in taro ya watse zan duba. Taro bai watse ba sai da aka kira magariba, ƙannenta suka fara rigima, na kwashe su muka hau adaidaita. Washegari na ce ɗinkin wani biki ya taru. Jibi na ce ai saura mako uku a koma asibiti. Gaskiyar ita ce ba na iya haɗa ido da ita bayan abin da na faɗa, don haka na daina zuwa gidan gaba ɗaya. Da na buga wa Hajiya waya ta ce ta ba ta ruwan gishiri mai ɗumi da kanumfari, ciwon ya lafa. Na karɓi wannan maganar hannu biyu-biyu don ita nake so in ji.

Yarinyar kuwa an gaya mata kada ta yi fashin roba ko na yini ɗaya, ba a gaya mata sharaɗin cirewa ba, ni aka gaya wa. Don haka kullum sai ta maƙala robarta a ƙarfen da ke motsi, ta cije ta tafi makaranta. Mako uku tana jan turken da ya riga ya saki.

Ranar dawowa likita ta ɗaga leɓen, sai na ga fuskarta ta canza. Daga inda nake zaune na ji warin. Ta taɓa ƙugiyar da wani ɗan ƙarfe, ta yi lilo kamar maɓallin da zare ɗaya ya rage masa.

“Tun yaushe?” ta tambaya. Ta juyo gare ni. “Kina dubawa?”

Kafin in buɗe baki yarinyar ta riga ni.

“Tana dubawa, likita. Ni ce ban faɗa ba.”

Shekararta goma sha ɗaya. Ta rufa mini asiri a gaban baƙuwa, ta ɗauki laifina ta ɗora wa kanta, ko dubana ba ta yi ba. Likita ta kalle ni kawai ta koma kan aikinta. Na gwammace ta zage ni, da na samu abin mayarwa, ni da ba a taɓa rufe mini baki ba. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige na ja ta na rufe.

A ranar aka yi mata allurar kashe zafi aka kwance ƙusoshin uku. Likita ta wanke ƙarfen ta naɗe a auduga ta sa mini a tafin hannu ta ce in riƙe. Ta yi mini adalci, ta ce ƙarfe yakan saki ko ana dubawa, ba kullum ne laifin wani ba. Amma da an kawo ta a ranar, wataƙila hutar da shi da shan magani ya isa. Yanzu ƙashin wurin ya ci, sai an bar shi ya cike, wata uku ko huɗu, kafin a sake tsagawa a sa wani. Kafin nan babu roba ko a ɗaya gefen, don in aka ja gefe guda fuskar karkacewa za ta yi.

A hanyar komawa Hajiya ce a tsakiya, yarinyar a can gefe tana kallon titi da auduga a baki. Hajiya ta ce ƙaddara ce, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Mai adaidaita ya faɗa wani rami, ni kuwa na sauke masa kwandon masifa, na tambaye shi ko buhunan gawayi ya ɗauko, ko idonsa na ado ne. Bawan Allah ya yi ta ba da haƙuri. Shi ya sha faɗan da ba nasa ba.

Washegari da la'asar na tafi Unguwar Gano. Na wanke hannu a tsakar gida, a gaban gwaggo da masu sayen mai, na ce, “Ke, zo in duba wurin.”

Ta fito ta gaishe ni cikin ladabi.

“Ba sai kin wahala ba, Anti. Na iya.”

Ta ɗauko madubin hodar Hajiya da wani gutsuren madubi, ta jingina ɗaya a taga, ta kunna fitilar wayar Hajiya, ta ja kuncinta da yatsa ta karkata ɗayan har ta hango can ciki. A mako ukun nan ta koya wa kanta. Ta duba ukun da suka rage ɗaya bayan ɗaya, har da gurbin wanda aka cire, ta ce mini lafiya lau ne. Babu fushi a muryarta, da akwai ma da na ji sauƙi. Na tsaya da jiƙaƙƙen hannuna ban san inda zan sa shi ba.

Gwaggo ta buɗe baki za ta yi abin da ta saba. Na ce, “Gwaggo, don Allah yau ki ƙyale ni.” Ban san yadda muryata ta fita ba, amma ta yi shiru. Ban ɗora mata laifi ba ko a raina. Ita tsokana ta yi, irin wadda aka yi mata ta kuma yi wa kowa. Ni aka ba amana, ni na ce me zai hana.

Na ci gaba da zuwa kullum. Ita ke dubawa, ni ina riƙe mata fitila, wannan kaɗai ta bar mini. A cikin watannin jiran Sallah ta zo, na kira ta awo. Na sa tef daga kafaɗa zuwa ƙasa, sai na ga ta ƙaru da inci biyu. Kowace uwa murna take yi da wannan. Ni kuwa na zauna a kan kujerar keke babu murna, don na san girman da likita ke son kamawa ne yake wucewa, bakinta babu roba. Na ɗaga haɓarta zan auna wuya, na ga ta ƙara fitowa.

Bari in faɗi ƙarshen zancen ƙarfen tun yanzu don kada mai karatu ya zauna da zullumi. Na biyun ya kama. Ta sa roba fiye da shekara, haƙoran sama sun matso har sun ɗan hau kan na ƙasa, tana ɓare rake in ba mai tauri ba ne. Amma likita ta ce ba za ta yi mini alkawarin da ta yi da farko ba. Ko za a tsira daga yankan ƙashi ko ba za a tsira ba, sai ta gama girma za a sani. Ba ta taɓa cewa watannin nan ne sanadi ba, ni ma ban tambaya ba, don ina tsoron amsar.

Ranar da aka sa ƙarfe na biyun Hajiya ba ta je ba, ƙafarta ta matsa mata. Ni kaɗai na kai ta. Saboda ta tsorata da allura tun ranar cirewa, sai aka sa ta barci. Da aka gama aka turo ta wani ɗaki mai gadaje biyu, kuncinta a kumbure, auduga a gefen bakinta. Na zauna a kujera ina kallon ta, karo na farko da na kalli fuskarta yadda nake so ba wanda ke kallona.

Wata nas ta leƙo ta taɓa hannunta ta ce, “Lokacin tashinta ya yi. Mama, ki riƙa kiran sunanta, za ta farka.” Ta fita ta ja ƙofa.

Na ce, “Ke.” Ba ta motsa ba. Na ce, “'Yar Hajiya.” Shiru. Na duba ƙofa, na duba ɗaya gadon, babu kowa, amma duk da haka sunanta ya ƙi fitowa daga bakina. Ni na zaɓi sunan nan tun tana ciki, na raɗa wa mahaifinta, shi kuma ya kai wa malamai kamar zaɓinsa ne. Shekara goma sha biyu yana bakina ban furta ba. Na matsa kusa da kunnenta na kira shi.

Ta buɗe ido a hankali. Ina zaune dab da ita, hannuna a kan nata, amma sai ta juya kai wajen ƙofa tana neman wanda ya kira ta.

Na sake kira. Na ce, “Ni ce.”

Ta juyo ta daɗe tana dubana, idanunta cike da barci. Sannan ta motsa baki da ƙyar, audugar tana tare maganar.

“Anti,” ta ce, “ashe kin san shi.”